Ra'ayin Furofesa Kan Littafi Na Biyu

Ranar Litinin da hantsi matar da ke kula da ɗakin karatu na gidan gyaran hali ta buga wa Jan Biro waya, ta ce in da hali ya zo yau, kada ya bari sai ranar ziyara. Ya tambaye ta ko ɗansa da ke tsare a can ba shi da lafiya ne. Ta ce lafiyarsa ƙalau, maganar littafi ce. Ya ajiye wayar yana mamaki, don a shekara sittin da biyu da ya yi a duniya ba a taɓa kiransa da gaggawa a kan littafi ba.

A maɗaba'a aka laƙaba masa sunan, inda ya yi shekara talatin da huɗu yana duba kurakurai kafin a kai aiki kan inji. Mutum ne da kuskure ba ya wucewa ta gabansa ya yi shiru, ko na takarda ko na baki. Ya gyara wa manaja magana a gaban baƙi, ya gyara wa likita kwanan wata a kan takardar magani. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ko kabari aka sa shi sai ya leƙo ya ga ko an rubuta shekarunsa daidai. Ta riga shi tafiya, ta bar masa ɗa guda ɗaya da littattafai cike da ɗaki biyu, kuma a cikin amanar nan littattafan kaɗai ya iya riƙewa.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka kama yaron da sabbin wayoyi shida a jakar makaranta. Daga wani shago suka fito, wanda aka fasa rana tsaka, aka tarar da maigadinsa kwance a bakin ƙofa kai a fashe. Maigadin bai mutu ba, amma rabin jikinsa ya mutu, harshensa kuma ya karye. Yaron ya ce wani abokinsa ne ya ba shi ajiyar jaka, bai san abin da ke ciki ba. Babu wanda ya gan shi a shagon, don haka kotu ta ba shi shekara biyu a kan karɓar kayan sata kawai. Jan Biro ya yarda da maganar ajiyar jaka ɗari bisa ɗari, har ya tashi a kotu ya yi jawabin da sai da alƙali ya ce ya isa haka.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna ya duba ko za a sallami yaron kafin cikar wa'adi. In an sallame shi, gida. In an ƙi, nan da wata uku zai cika shekara sha takwas, ragowar kuma a gidan yarin manya zai ƙarasa ta. Jan Biro ya taɓa duba wani rahoto a kan gidan yarin manya, shafi ɗari da tamanin, kuma har yau babu layin da ya manta.

Ɗakin karatun ƙarami ne, kanta huɗu, tebur biyu, taga ɗaya mai ƙarafuna. Malama, haka yaran ke kiranta, ta ja masa kujera ta ajiye wani kwalin takalmi a gabansa, cike da katuna. Ta yi masa bayanin da ya riga ya sani, don tana son maimaita shi: duk wanda ya dawo da littafi ba zai ari wani ba sai ya rubuta ra'ayinsa a kan kati mai lamba. Ita ta ƙirƙiro tsarin. Katunan kuma ana sa su a fayil ɗin yaro, su zama shaida gaban kwamiti cewa hali ya gyaru.

Littafin da ake rububi a kansa a watan shi ne Ƙofofi Masu Harshe, kashi na biyu. Labarin wani birni ne inda ƙofofi ke magana suna tona asirin duk wanda ya taɓa su, da wani gungun matasa ɓarayi da ke da yarinya mai rera wa ƙofofi waƙa har su yi barci. Kwafi ɗaya gare su, yara talatin da wani abu suna layi. Malama ta ce ya fara duba na sauran tukuna, ya ga yadda yara ke rubutu.

Ya duba. Fiye da rabi kalma uku ce: ya yi daɗi. Wani ya rubuta cewa na farko ya fi, wannan surutu ya yi masa yawa, sai shafi na casa'in aka fara duka. Wani ya tambayi dalilin da ya sa aka kashe Gurgu, alhali shi kaɗai ne mai hankali a cikinsu, ya ƙara da cewa marubucin ba ya tsoron Allah. Wani ya ce tun a kashi na ɗaya ya faɗa shugabansu maci amana ne aka ƙaryata shi, yanzu ga shi nan. Wani ya ce yana son yarinyar mai waƙa, in akwai lambarta a taimaka masa. Na ƙarshe bai ce komai a kan labarin ba, ya ce an yage shafi ukun ƙarshe, kuma wanda ya yage ya sani an san shi, ɗakinsu ɗaya.

Sannan ta miƙo masa na ɗansa. Furofesa suke kiransa a gidan gyaran halin, kuma katin ya nuna dalili: ciki da baya, ƙananan haruffa, babu gogewa ko ɗaya.

"Kashi na biyu bai kai na farko ba, ga kuma hujjata. Marubucin ya san tsafi amma bai san sata ba. Ɗaya: kullum cikin dare suke fita. Dare shiru gare shi, ko cokali ya faɗi unguwa ta ji. Rana tsaka ake shiga, ranar da shaguna ke rufe amma titi yana da hayaniya. Biyu: ya dasa mai duba hanya a bakin ƙofa kamar turke. Mai duba hanya tsallaken titi yake zama yana gyaran keken da bai lalace ba. Uku: shafi goma suna fama da kwaɗo. Ba a taɓa kwaɗo. Ta ɗaya gefen ake cire ƙofa, minti huɗu. Huɗu, kuma wannan ne ya sa na kusa jefar da littafin: sun buge maigadi, sannan suka hau rufin gida suna dariya suna cin abinci. Ƙarya ne. Kwana uku mutum ba ya iya haɗiye ko ruwa. Ya kuma ce kan maigadin ya yi ƙara kamar ganga. Ba haka kai yake yi a kan siminti ba. Ƙarar ƙarama ce, kamar an ajiye kwano, shi ya sa ba ta fita daga kunne. Na ba shi biyu cikin biyar."

Abin da Jan Biro ya fara ji, kuma ya ji kunyarsa daga baya, alfahari ne. Sharhi ne mai ƙashi, kowace magana da abin da ta dogara a kai. Shi ya koya masa. Tun yaron yana ɗan shekara bakwai, in ya ce littafi bai yi daɗi ba, uban yakan ce wannan ba ra'ayi ba ne, atishawa ce, ka kawo hujja. To, ga hujja an kawo. Sai da ya kai layin kwano a karo na biyu ya gane cewa abin da ya karanta shaidar wanda yake wurin ce.

Ya ce ta ba shi katin. Ta ce ko ta ba shi babu amfani. Katunan Furofesa su ne abin tinƙahonta, talatin da ɗaya, babu yaron da ya taɓa yin rabin haka, shi ya sa tun ranar Juma'a ta kai su ofis gaba ɗaya aka yi hoto aka raba wa 'yan kwamiti uku. Wannan na ƙarshe a gurguje ta haɗa da shi, ba ta karanta ba sai yau da safe. Idanunta sun yi ja. Ta ce ita taimakonsa ta yi niyya.

Ya tambaya ko za a iya janye takardun a ce an yi kuskure. Ta ce in aka janye guda ɗaya, shi za su fara nema. Ya tambaya ko za ta ce wani yaro ne ya rubuta. Ta ce wane yaro, mai neman lambar yarinya? Ya tambaya su waye a kwamitin. Tsohon alƙali, likita, da wani jami'in 'yan sanda. Da ya ji na ukun sai ya sauko daga kan kujera ya durƙusa a gabanta, shi da bai taɓa roƙon ko ƙarin kwana ɗaya na hutu ba, ya ce ta dubi Allah ta dubi maraicin yaron. Ita ma sai ta durƙusa, don ba ta san abin da za ta yi da tsoho a ƙasa ba, suka zauna a kan siminti su biyu kamar masu neman allura.

"Baba, ka tashi," ta ce. "Wallahi da a hannuna yake da na cinye shi."

A hanyar gida ya tsaya ya sayi littafin. Ranar Talata bai fita ba, ya karanta shi sau biyu, da fensir a hannu. Abin takaici, yaron ya yi gaskiya a kan komai. Marubucin ya iya gina birni, ya iya sa ƙofa ta yi tsegumi har mutum ya yi dariya, amma ɓarayinsa 'yan makaranta ne da aka sa wa baƙaƙen kaya. Kafin la'asar ya gama tsara abin da zai yi. Zai tsaya gaban kwamiti ya ce duk abin da ke kan katin daga bakinsa ya fito. Shekara talatin da huɗu yana duba littattafan 'yan fashi da rahotannin kotu, ranar ziyara kuma hirar littafi suke yi shi da ɗansa, yaro ya kwashe maganar ubansa ya zuba a kati. Ƙarya ce mai kyan gini, sai dai tana da rami ɗaya: in aka ce ya yi bayani, bai san ta inda ake cire ƙofa ba. A gidansa ma in ƙofa ta cije kafinta yake kira.

Laraba ranar ziyara ce, minti arba'in. Dogon tebur, iyaye a gefe ɗaya, yara a ɗaya gefen, ma'aikaci a bakin ƙofa yana kallon agogo. Yaron ya shigo ya ƙara tsawo ya ƙara ramewa, ya gaishe shi, ya tambayi ciwon bayansa. Jan Biro ya ce ya ga katinsa a kan kashi na biyu.

Fuskar yaron ta washe. "Yaya ka gani, Baba?"

"Hujja ta uku ba ka buɗe ta sosai ba. Sauran babu laifi." Ya sassauta murya. "Ka san wa zai karanta shi gobe?"

Yaron ya ce Malama. Uban ya ce da alƙali, da likita, da ɗan sanda. Ya zuba ido yana kallon murmushin yana janyewa a hankali. Yaron ya ce ya san ana sa su a fayil, amma wa ke karanta fayil? Wata goma sha huɗu yana rubutu babu wanda ya taɓa ce masa ko ci kanka. Littafin ne ya ba shi haushi, ya ɗauki biro, bai tuna da kowa ba.

Daga nan babu wanda ya ƙara ambaton ajiyar jaka. Jan Biro ya faɗa masa shirinsa a taƙaice, sannan ya ce, "Saura minti talatin. Koya mini."

"Me zan koya maka?"

"Yadda ake cire ƙofa."

Yaron ya dube shi kamar zai yi kuka, sai kuma ya jawo kofin roba da murfinsa ya tsayar da su a kan tebur. Wannan bango, wannan ƙofa. Mutane duk hankalinsu yana kan kwaɗo, sai su sayi mai tsada su manta cewa ɗaya gefen ƙusoshi biyu ne kawai ke riƙe da ƙofar a jikin bango. Ana ɗiga musu mai, a sa ƙaramin ƙarfe ta ƙasa, a buga da tafin hannu, ba da guduma ba. Ta ƙasa ake fara cirewa, don in ka fara da ta sama nauyin ƙofa zai danne ta ƙasan. Uban ya maimaita, ya yi kuskure, yaron ya gyara masa. Ya sake, aka sake gyara masa. A karo na uku yaron ya ce, "Yauwa, haka," da irin muryar da uban ke yi masa a da in ya kawo jimla daidai. Matar da ke kusa da su, wadda ta zo wurin jikanta, ta ce Allah sarki, uba da ɗa ana wasa.

Suka bi ta kan mai gyaran keke, da dalilin zaɓen ranar hutu, da yadda ake fita ɗaya bayan ɗaya ba a gudu. Da suka zo kan maigadi yaron ya kwantar da kofin.

"Wannan ba sai ka sani ba, Baba. Ka ce a littafi ka gani."

Jan Biro ya yarda da hakan, kuma da an tsaya nan da an huta. Amma yaron ya riga ya buɗe baki, wata goma sha huɗu kuma yana riƙe da abin shi kaɗai. Ya ce sun ga tashin maigadin da idonsu, sun jira ya sha kwana. Suna fitowa sai ga shi ya dawo. Tabaransa ya manta a kan benci, shi ya dawo ɗauka. Yaron ne a gaba, jaka a bayansa, maigadin ya tare ƙofa, yaron ya ture shi da kafaɗa. Turewa kawai. Dakalin shagon mai tsawo ne.

"A kotu mai shagon ya ce barci yake yi a bakin aiki. Ba barci yake ba, Baba. Tabaran ma na hannunsa, ko sawa bai yi ba. Kullum sai na tuna an ce barci yake."

Ma'aikaci ya ce saura minti biyu. Yaron ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko da ya san haka tun farko da zai riƙa zuwa ziyara.

"Da na zo," in ji uban. "Jawabin kotu ne dai da na rage masa tsawo."

Ranar Alhamis aka shigar da su wani ɗaki mai fanka ɗaya da labule ruwan ƙasa. 'Yan kwamiti suna bayan tebur. Tsohon alƙalin a tsakiya, mai saurin gajiya, likita a damansa, jami'in 'yan sandan a hagu, ɗan siriri mai furfura a gefen kai, yana wasa da fensir. Aka zaunar da yaron a kujera ta gefe. Malama ta karanta rahotonta: babu faɗa, babu horo ko sau ɗaya, yana koya wa ƙanana karatu. Likita ta ce lafiyarsa babu matsala in ban da rashin barci. Sai alƙalin ya zaro takarda ɗaya daga cikin tarin ya ce akwai wani sharhi a nan da ya ba shi sha'awa ƙwarai, har ya wuce yadda yake so.

Jan Biro ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, laifin nasa ne. Ya faɗi aikinsa da shekarunsa a cikinsa. Ya ce duk mai duba kurakurai ɓarawo ne a takarda, likita ne a takarda, matuƙin jirgi ne a takarda, don abin da ya ratsa ta idonka sau uku ya zama naka. Ya ce shi ya zauna ranar ziyara yana caccakar marubucin, yaro kuma ya kwashe. In akwai wanda za a tsare saboda wannan kati, to ga tsohon da ya kasa riƙe bakinsa.

Alƙalin ya ce to, tunda malam gwani ne, ya yi musu bayanin hujja ta uku. Jan Biro ya ari kofin ruwan likita da wani littafin rajista ya tsayar da su. Ya yi bayanin kwaɗo mai tsada da ƙusoshi biyu, da mai, da tafin hannu, da dalilin fara cire ta ƙasa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Likita ta yi dariya ta ce Allah ya sa dai ba unguwarsu ɗaya ba. Aka tambaye shi maganar ƙarar kai a kan siminti, ya ce a wani rahoton asibiti ya gani, shekara ashirin da suka wuce, kuma irin jimlar da ba ta barin mutum ce. Alƙalin ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma mahaifinsa haka yake, ba a cin abinci a gidansu sai da muhawara. Ya jawo takardar sallama, ya cire murfin biro, ya dubi hagunsa ya tambaya ko akwai wani abu.

Jami'in ya ce babu. Ya rufe fayil ɗinsa, ya ɗora fensir a kai, ya jingina da kujera kamar wanda aiki ya ƙare masa. Ya ce shi ma ya karanta littafin, 'yarsa ce ta hana shi sakat sai da ya karanta, kuma ya yarda da Furofesa, na farko ya fi. An cika surutu, an kashe Gurgu a banza. Sai dai a wuri ɗaya yake ganin sharhin ya tsananta wa yaran labarin.

"Maganar maigadin nan," ya ce. "Mutum an ba shi amana ya shimfiɗe yana barci a bakin aiki. Ai shi ya jawo wa kansa."

"Ba barci yake yi ba," in ji Jan Biro. "Ya riga ya tashi aiki, tabaransa ya dawo ɗauka."

Maganar ta fita ne kamar yadda dubbai irinta suka fita a shekara talatin da huɗu, kafin ya san ya buɗe baki. Ya ji ta a kunnensa daidai lokacin da kowa ya ji ta. Fankar sama ta ci gaba da juyawa. Malama ta sa hannu ta rufe bakinta.

Jami'in bai ɗaga murya ba. "A shafi na nawa, malam?"

Jan Biro ya san littafin kamar tafin hannunsa, sau biyu ya karanta shi da fensir. Maigadin labarin wani ƙato ne mai ido ɗaya a tsakiyar goshi, a tsaye yake da mashi lokacin da aka buge shi, bai yi barci ba, bai je ko'ina ba.

"Mai ido ɗaya ne, in ban manta ba," in ji jami'in. "Ban san irin tabaran da ake yi masa ba." Ya sake buɗe fayil ɗin, ya juya shi ya tura gaban alƙali. Ya ce an samu tabarau a hannun maigadin shagon, kuma watanni bayan shari'a, da hannunsa na hagu ya fara aiki, ya rubuta musu a takarda abin da ya dawo da shi. Ba a taɓa faɗar wannan a kotu ba, ba a buga shi a jarida ba. Ban da maigadin da iyalinsa da wannan fayil, babu wanda ya sani sai wanda yake tsaye a ƙofar.

Jan Biro ya ce ya ruɗe ne, tsufa ne, littattafai sun cakuɗe masa. Ya ce a wani labarin daban ya gani, zai kawo shi gobe, yana gida. Ya ga babu wanda ya ɗaga biro. Sai ya ce shi ne. Shi ya shiga shagon, shi ya cire ƙofar, ai sun ga ya iya, shi ya ture mutumin, shi ya ba yaron jaka. Ya miƙa hannayensa biyu a kan tebur, hannayen da ko murfin kwalba sai ya nemi tsumma yake buɗewa, ya ce a rubuta, zai sa hannu yanzu.

"Malam, zauna," in ji alƙalin, a hankali.

"Ranka ya daɗe, ɗa ɗaya gare ni."

"Na sani. Zauna."

Yaron ne ya yi magana daga kujerarsa ta gefe. Ya ce a ƙyale tsohon, bai san komai ba sai jiya. Shi ya gaya masa, a wurin ziyara, kuma abin da ya faɗa haka yake. Ya ce yana so a rubuta cewa maigadin ba barci yake yi ba. Alƙalin ya gargaɗe shi kada ya ƙara cewa komai sai da lauya, ya mayar da murfin biro. Abin da ya rage bai kai minti biyar ba. Babu sallama. Za a mayar da fayil wurin masu gabatar da ƙara, yaron zai ci gaba da zama a nan har ranar da shekarunsa suka cika, daga nan a bi doka. Ma'aikaci ya taɓa kafaɗar yaron, ya tashi. A bakin ƙofa ya waiwayo kamar zai ce wani abu, Jan Biro kuma ya kasa ɗaga ido ya karɓa.

A ƙofar fita mai tsaron ƙofa ya miƙo masa wayarsa, da wata leda da ya bari a wurinsa da safe. Sabbin takalma ne, ya saya da lamba ɗaya sama da ta bara, don yaron ya taka su zuwa gida. Mai tsaron ya leƙa ledar, ya dubi fuskarsa, bai tambaye shi yadda aka yi ba. Ya ce in yana so a miƙa wa yaron za a iya, amma sai an zare igiyoyin, ba a shiga da igiya.

Jan Biro ya zauna a kan bencin masu jira ya ɗora takalmi ɗaya a cinyarsa. Ƙullin na kanti ne, an ja shi da ƙarfi. Ya daɗe yana fama kafin ya ɗago.

"Can gidan manyan fa," ya ce, "za su bar shi ya shiga da su?"

Mai tsaron ƙofar ya ce bai sani ba, bai taɓa aiki a can ba. Ya karɓi ɗaya takalmin ya fara kwance masa.